Busta ko obadiraib: wanne zai ci gurbi a modelar jitarka?

Duk wanda ya buɗe jerin fedojin da ke cikin modelar jita, wato na'urar dijital da ke kwaikwayon amfilifayoyi da fedojin da ake takawa don sauya sauti, ko Line 6 Helix ce, ko Boss GT-1, ko 'yar ƙaramar Zoom G1X Four, zai tarar an zuba busta da obadiraib a rukuni ɗaya, sunaye birjik, da yawa ma an sauya musu suna don kada a taka haƙƙin masu tambarin asali. Sai makaɗi ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ya zaɓi wanda sunansa ya kwanta masa, ya murɗa, ya adana. Ranar wasa ya taka don solo, jitar ta ƙara kaushi amma ƙararta ba ta motsa ba, kibod ya danne ta. Wani kuma ya taka nasa, sauti ya yi tsalle har mai miksa ya zabura ya rage shi, daga nan har aka tashi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A duka biyun na'urar ta yi abin da aka umarce ta. Abin da ba a duba ba shi ne mene ne ke bayan fedar, kuma a ina aka ajiye ta cikin jeri.

Busta tsantsa ba ta da kaushin kanta. Aikinta ta karɓi siginar da fikof, wato abin da ke ɗaukar amon tsirkiya a jikin jita, ya fitar, ta ƙara mata girma, ta miƙa gaba. LPB-1 da Mike Matthews na Electro-Harmonix ya fitar a 1968 taransista ɗaya ce tak a ɗan akwati mai mamurɗi ɗaya. MXR Micro Amp ma mamurɗi ɗaya gare ta, tana ɗagawa har desibel 26 a ma'aunin ƙarfin sauti. In ka ji kaushi bayan ka taka irin waɗannan, amfilifayar ce ta yi shi, don an ɗura mata fiye da abin da take iya ɗauka. Obadiraib kuwa a cikin kansa yake datse kawunan igiyar sautin, galibi da ƙananan kayan lantarkin nan da ake kira dayod, tun kafin siginar ta isa amfilifaya. Datsewar ce kunne yake ji a matsayin kaushi. Ita ce kuma take sa amon tsirkiya ya daɗe bai mutu ba, domin ta rage tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai taushi. Boss OD-1 ta 1977 da Ibanez TS808 ta 1979, wadda Susumu Tamura ya tsara a kamfanin Maxon na Japan, su ne iyayen mafi yawan abin da za ka gani a jerin.

Hukuncin yana hannun amfilifaya, wato sauran sararin da take da shi kafin ta fara datse sauti da kanta. Kamar randa ce: in da saura, ruwan da ka zuba zai hau, in kuwa ta cika maƙil, duk abin da ka ƙara ta gefe zai gangare. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, da Fender Twin Reverb suna da sarari mai yawa, don haka busta a gabansu ƙara take ɗagawa, sautin ya zauna garau. Vox AC30 ko Fender Deluxe Reverb da aka buɗe har suka fara ɗan gurnani suna tsaka-tsaki: busta za ta ɗan ɗaga ƙara, ta kuma tura su cikin wani kaushi mai daɗi da ke bin ƙarfin hannunka. Marshall JCM800 da aka buɗe wa gen, wato mamurɗin kaushi, sosai, ko Peavey 5150, sun riga sun cika. Ko desibel 20 ka ɗura musu, ƙarin kaushi da huci kawai za ka samu. Modela mai kyau sak take kwaikwayon wannan ɗabi'a, shi ya sa feda ɗaya take yin abu uku dabam a firiset uku, wato saiti uku da aka adana.

A nan ne modela ta fi kayan ƙarfe sauƙi. Mai amfilifayar gaske da yake son ƙara zalla sai ya nemi wadda take da ramukan shiga da fita a baya, ya ja wayoyi biyu. A modela ɗaukar gurbin fedar kawai za ka yi ka mayar da shi bayan amfilifaya da akwatin sifika. Busta a can ba ta da wanda za ta tura, sai ta ɗaga ƙarar kaɗai. Desibel 3 zuwa 4 sun ishi solo a yawancin ƙungiyoyi. Desibel 6 ninka girman siginar ne, desibel 10 kuma kunne yakan ji shi kamar an ninka ƙarar gaba ɗaya, kuma wanda ya sa haka a solonsa shi ne mai miksa yake ragewa ya manta da shi. Obadiraib bai dace da wannan wuri ba. In ya zo bayan akwatin sifika babu abin da zai tace tartsatsin da datsewarsa ta haifar, sai sautin ya fito yana sukar kunne.

Obadiraib kala-kala ne

Tube Screamer ya kamata a fara fahimta, don da wuya ka sami modelar da ba ta da kwafinsa: Scream 808 a Helix, T808 OD a Fractal, Green Scream a Kemper, Green 808 a Quad Cortex, T-Scream a Boss, TS Drive a Zoom. An tsara da'irarsa ta yadda sautin da ke ƙasa da wajen 720 Hz, wato kaɗawa 720 a daƙiƙa, ba ya samun ƙari kamar na samansa, sannan bayan datsewa a rage kaifin can ƙoli. Abin da ya rage shi ne tsakiya, tudu guda a daidai inda jita take magana. Tsirkiyar jita mafi kauri a wajen 82 Hz take kaɗawa, yankin da jitar bes da babbar ganga suke zaune, kuma rage wannan yanki yana raba jitar da rikicinsu. Amfilifayoyin Fender na tsakiyar shekarun 1960 an san su da faɗawar ciki, kauri da kaifi sun wadata, tsakiya ta yi rami. Tube Screamer yana cike ramin daidai, kuma a kan wannan haɗi da jitar Stratocaster ne Stevie Ray Vaughan ya yi suna.

Masu kiɗan metal sun daɗe suna sa shi a gaban 5150 ko Mesa Dual Rectifier, Drive a can ƙasa, Level a ƙure, Tone wajen tsakiya. Kaushi dai amfilifayar tana da shi har ya yi yawa. Abin da suke nema shi ne a zubar da kaurin da ke sa sauti ya yi sako-sako tun kafin ya shiga, a kuma tura tsakiyar. Da sunan obadiraib yake aikin busta. Saitin yana ci a modela kamar yadda yake ci a waje, kuma a ganina babu dabarar da ta fi shi amfani ga mai modela, ko da bai taɓa sha'awar metal ba, domin a gaban Marshall mai matsakaicin kaushi ma yana tsuke sauti ya fito da shi gaba. Rauninsa yana bayyana in ka ɗora shi kan amfilifaya mai tsabta tas irin JC-120, ka buɗe Drive sosai, kana kaɗawa kai kaɗai a ɗaki. Sai ka ji shi siriri yana magana ta hanci, ga tsaftatacciyar sigina tana leƙowa ta ƙarƙashin kaushin, don da'irar tana barin ta ta wuce. Kada ka yanke masa hukunci a wannan hali. Sai an haɗu da ganguna da bes da kibod yake nuna amfaninsa.

Boss SD-1 ta 1981 'yar'uwarsa ce ta kusa, sai dai dayod uku ne a cikinta, biyu a gefe guda, ɗaya a ɗayan, don haka datsewar sama da ta ƙasa ba su zo ɗaya ba, sautin ya fi cizo. Blues Driver ta 1995 wata hanya ta bi: ba ta zubar da kauri, tana da kaifi, kuma nan da nan take wankewa in ka rage mamurɗin ƙarar jitarka. Kan amfilifaya mai tsabta ta fi Tube Screamer faɗi. Kan mai kaushi takan cakuɗe.

Klon Centaur, wanda Bill Finnegan ya riƙa haɗawa da hannu a yankin Boston tun 1994, kusan guda 8,000 kawai aka yi, kuma na asali yau dubban daloli ake sayar da shi. A modela yana cikin kuɗin da ka riga ka biya: Minotaur a Helix, Klone Chiron a Fractal, Myth Drive a Quad Cortex, GoldDrive a Zoom, Centa OD a sababbin Boss. Mamurɗin Gain ɗinsa hanya biyu yake juyawa lokaci guda, ta tsaftatacciyar sigina da ta mai kaushi. In yana ƙasa, kusan duk tsaftatacciyar ce ke fita, da ƙarfi mai yawa da ɗan kumburi a tsakiya. Kana buɗewa mai kaushin tana shigowa, kauri yana ja da baya. Babu fedar da ta kai shi zama a kan iyakar busta da obadiraib. Timmy na Paul Cochrane, wanda Helix ta kira Teemah!, shi kuma ba ya tilasta maka launi: mamurɗin kaurinsa kafin datsewa yake aiki, na kaifi bayanta, kai ne mai zaɓen yawan abin da za a zubar.

Bustoci ma kowace da launinta. Xotic EP Booster, wadda aka ɗauko daga sashen farko na tsohuwar na'urar amsa-kuwwa Echoplex EP-3, kauri take ƙarawa da ɗan sheƙi. Ita ce Kinky Boost a Helix, EP Stomp na Zoom kuma sashen farkon Echoplex ɗin yake kwaikwayo. Tana yi wa Stratocaster mai siririn sauti kyau ƙwarai, har wasu ba sa kashe ta. Amma a haɗa ta da fikof mai tagwayen naɗi, wato hambaka, a gaban amfilifaya mai kaushi, kaurin sai ya koma taɓo. Kishiyarta ita ce Dallas Rangemaster ta Landan, ta tsakiyar shekarun 1960, taransistar jameniyam ɗaya a akwatin da ake ɗorawa bisa amfilifaya. An yi ta ne saboda amfilifayoyin Ingila na lokacin sukan yi duhu in an ƙure su. Tana yanke kauri sosai, ta tura saman tsakiya, ta ƙara ɗan kaushin kanta. Rory Gallagher da Brian May sun sa ta a gaban AC30, Tony Iommi a gaban Laney. A Helix sunanta Deranged Master. Sharaɗinta ɗaya: amfilifayar ta riga ta yi kaushi, ta kuma ɗan yi duhu. A gaban Twin mai tsabta kunne ba zai jure ba.

Abin da ya keɓanci na dijital

Busta tsantsa a cikin na'urar dijital lissafi ne kawai, a ninka lambobin sigina da wani adadi. A Kemper, Pure Booster a gaban amfilifaya kusan abu ɗaya ne da murɗa Gain ɗin amfilifayar. To me zai sa ka ba ta gurbi? Sau da yawa babu dalili. Sai dai akwai wani bambanci a modelolin da suke kwaikwayon da'ira daki-daki, irin Fractal da Helix. Amfilifayoyi da yawa, musamman Marshall, suna da ɗan kafasita a jikin mamurɗin gen wanda yake barin kaifi ya wuce lokacin da mamurɗin yake ƙasa, kana buɗewa tasirinsa yana dushewa. Saboda haka gen a 4 da busta a gaba ya fi kaifi da tsukewa, gen a 8 babu busta ya fi kauri da laushi, ko da yawan kaushin ya zo ɗaya. Wanda yake son JCM800 ta ciji, hanya ta farko ce tasa.

Maganar gurbi kuwa ba ƙarama ba ce. G1X Four abu biyar take ɗauka lokaci guda, amfilifaya da akwatin sifika kowanne da nasa gurbi. Ka sa dile da ribab, masu amsa-kuwwa, saura ɗaya. POD Go gurbi huɗu ta bar maka ka zaɓa. HX Stomp da shida ta fito a 2018, ta koma takwas bayan sabuntawar 3.0. A irin wannan ƙunci, ɗaga ƙarar solo bai kamata ya ci gurbi ba. Helix tana da sinafshot, wato matsayin mamurɗai da ake adanawa a kira shi da taku ɗaya, har takwas a kowane firiset, POD Go huɗu, HX Stomp uku, kuma kowane sinafshot yana iya tuna matsayin Ch Vol, mamurɗin da ke ɗaga ƙara ba tare da ya taɓa kaushi ba. Fractal ma tana da irin wannan tsari guda takwas. Boss GT-100 da GT-1000 suna da makunnin Solo a cikin amfilifaya da cikin obadiraib. A Zoom ka kwafi firiset ɗin ka ajiye kusa da shi da ƙarin ƙara, ko da yake akan sami 'yar yankewa wajen sauyawa. Wanda ya fi duk waɗannan a wurina shi ne ikwalaiza, mai ɗaga ko rage kauri da tsakiya da kaifi, bayan amfilifaya, wadda a POD Go ba ta cin ko ɗaya daga gurabe huɗun nan: yanke abin da ke ƙasa da 120 Hz, ɗaga wajen 800 zuwa 1,000 Hz da desibel 3, ƙara ɗan ƙara. Solon zai fito fili ba tare da ya tsorata mai miksa ba.

Akwai datsewa iri biyu da ba a so. Ta farko a ƙofar shiga take. In ka ɗauko bustar ƙarfe ka sa a gaban modela ka ƙure ta, abin da zai fara cika shi ne guntun da ke mayar da lantarki lambobi, kuma datsewarsa fashewa ce mai ƙas-ƙas, babu daɗi ko kaɗan. Helix tana da Guitar In Pad don rage abin da ke shigowa. Ta biyu a ƙofar fita: firiset ɗin da ka riga ka kai ƙure, in ka ɗora masa desibel 4 na solo babu inda za su je. Fara saita solon a matsayin mafi ƙarfi, sannan ka sauko da sautin rakiya daga gare shi.

Da yawanmu kai tsaye muke jona modela cikin miksa, a coci ne, a situdiyo ne, ko a filin biki. Sifikar jita mai inci 12 ba ta fitar da abin kirki sama da wajen 5,000 Hz, kuma ita ce take tace tartsatsin kaushi. Sifikokin taro komai suke fitarwa har ƙoli. In ka kashe kwaikwayon akwatin sifika, ko ka bar saitin fita a kan na shiga amfilifaya, kowane obadiraib muni zai yi, mai tsada da mai araha, alhali busta a kan sauti mai tsabta za ta tsira. Kafin ka zargi obadiraib ɗin modelarka, nan za ka fara dubawa. Yanke abin da ya haura 7,000 ko 8,000 Hz yana ƙara taimakawa.

Wata matsalar kuma ta dijital ce zalla. Datsewa tana haifar da 'ya'yan sauti masu hawa sama, ninki biyu, uku, biyar na asalin, har gaba. Na'urar da ke ɗaukar awo sau 44,100 a daƙiƙa ba ta iya riƙe abin da ya wuce rabin wannan adadi, sai wanda ya wuce ya naɗo ya dawo ƙasa a matsayin wani sautin da ba shi da dangantaka da abin da ka kaɗa. Maganinsa a ninka awon wajen lissafin kaushi, wannan kuma yana cin ƙarfin firosesa, shi ya sa manyan modeloli suka fi ƙanana tsabta a nan. In kana son ji, buɗe kaushi sosai, ja siririyar tsirkiya a can ƙarshen wuyan jita: kana hawa, wani siririn fito yana sauka. Jera obadiraib biyu a gaban amfilifaya mai kaushi yana ƙara fito da shi. A ƙaramar na'ura ɗaya ya isa.

Sai ƙugi. Duk abin da ya ɗaga sigina kafin kaushi ya ɗaga dattin da ke tare da ita. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar 50 Hz take kaɗawa, fikof mai naɗi ɗaya kuma yana kwasar wannan ƙugi daga wayoyi da tiransifoma da caja da janareta, balle a ginin da ba a ja masa wayar da ake binnewa a ƙasa ba. Busta mai ƙara kauri irin EP ta fi tona shi. Tube Screamer, da yake yana zubar da ƙasa, ya fi rufa asiri, ko da yake yana ƙara huci. Get ɗin da ke kashe hayaniya ka sa shi a farkon jeri, kada kuma ka tsananta shi har ya riƙa cinye wutsiyar sauti.

Hannunka da irin kiɗanka

Kaushi yana cuɗa sautukan da aka kaɗa tare ya haifi wasu sababbi, jimillarsu da bambancinsu. Tsirkiya ɗaya ba ta da matsala. Biyu masu tazarar biyar, irin kod ɗin rok, suna jituwa. Amma kod mai sauti huɗu ko biyar, irin na jaz da waƙoƙin coci na zamani, da zarar Drive ya ɗan wuce sai ya dagule. Mai kaɗa hailaif ko makosa ko seben a cocin Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano, wanda yatsunsa ke gudu a saman wuya da sauti garau, ƙara yake bukata da ɗan tsakiya, wato busta ko ikwalaiza bayan amfilifaya. In ma zai sa wani abu a gaba, kwamfuresa, mai daidaita bugu mai ƙarfi da mai taushi, ta fi obadiraib yi masa amfani.

Mai bin salon jitar Agadez lamarinsa dabam ne. Layi ɗaya ne mai yawan bugun yatsa da fizga a kan tsirkiya, ga buɗaɗɗiyar tsirkiya mai kauri tana ta amo a ƙasa. Bugun yatsan nan yana son 'yar matsewar da obadiraib yake bayarwa don kowane sauti ya fito daidai da ɗan'uwansa, amon ƙasan kuma ba ya son a kumbura shi, don shi ne zai fara cakuɗewa da layin. Klon ko Tube Screamer, Drive wajen sulusi, kan amfilifaya mai tsabta ko mai ɗan gurnani, sun fi Blues Driver da EP dacewa. Mai situdiyo da ke ɗora jita kan kiɗan da kibod ya riga ya cika, shi ma mai zubar da kauri ne abokinsa, kuma ya ɗauki sauti da kaushi ƙasa da abin da ransa yake so, don in an ninka layin biyu kaushin ma ninkuwa yake yi a kunne.

Masu Kemper, wadda ta fito a 2011, da Quad Cortex da Tonex suna da ƙarin abin lura. Waɗannan hoton kayan gaske suke ɗauka a saiti ɗaya. Wasu hotunan amfilifaya an ɗauke su da Tube Screamer a gaba tun farko, ka ƙara wani sai sautin ya rame. Hoton feda kuma mamurɗansa ba sa juyawa kamar na asali, don haka hoton Klon guda ba zai ba ka tafiyar nan daga busta zuwa kaushi ba, sai kwaikwayon da'irarsa.

Wajen gwaji, kunne yana da son zuciya: wanda ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. Daidaita Level na kowane ɗaya su zo daidai kafin ka kwatanta. In modelarka tana da lufa da ake iya sawa a farkon jeri, kaɗa ɗan layi ka bar shi yana zagayawa, hannuwanka su sami damar murɗe-murɗe. Kuma ka gwada da ƙarar da za ka yi wasa da ita. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da kaifi sosai in sauti yana ƙasa. Firiset ɗin da aka gina da dare a hedifon, in ya isa zauren taro, kaurinsa sai ya yi ruri, kaifinsa ya yi suka, Tube Screamer ɗin nan da aka raina a ɗaki kuma ya zauna daidai.

In gurbi ɗaya gare ka, ba wa obadiraib. Shi yana iya aikin busta in ka sauke Drive ka ɗaga Level, ita kuwa ba ta iya samar da kaushi a kan amfilifaya mai tsabta. Klon ga wanda yawancin kiɗansa garau ne yana son ɗan ƙarin jiki, Tube Screamer ga mai amfilifaya mai kaushi ko mai wasa cikin ƙungiya mai cunkoso. Ƙarar solo kuma ka nemo ta daga sinafshot ko ikwalaiza. Busta tana cin gurbin ne a hali biyu: in kiɗanka ba ya son kaushi ko kaɗan kuma na'urarka ba ta da wata hanyar ɗaga ƙara da ƙafa, ko in ka sami kwaikwayon AC30 ko Deluxe ko tsohuwar Marshall da gurnaninta ya riga ya yi maka, ba ka son wani dayod ya shiga tsakaninku. A hali na biyun EP ce ga jita mai siranta, Rangemaster ga amfilifaya mai duhu.

In gurbi biyu ne, jerin yana canza komai. Busta kafin obadiraib kaushinsa take ƙarawa, domin shi ma yana da iyakar da yake cika. Busta bayansa ƙarfin da yake bugun amfilifaya da shi take ƙarawa. In kuma obadiraib biyu ka jera, launin na ƙarshe ne yake rinjaye, don haka Blues Driver sannan Tube Screamer zai ba ka tsakiya mai tsuke, Tube Screamer sannan Blues Driver ya fi buɗewa da kaifi.

Wanda kuma sayen modelar ne a gabansa, sabuwa ko ta hannu, kada yawan sunayen da ke jikin kwali ya ɗauke masa hankali. Ya sa mai shago ya nuna masa abu biyu a kan na'urar tana kunne: ana iya matsar da gurbi zuwa bayan amfilifaya, kuma ana iya ɗaga ƙara da taku ɗaya ba tare da sauti ya yanke ba.